Silon Honda Accord ta 1995 ya ƙi sauka tun bayan da aka taɓa lagireto

Malamin Gyallesu, Zariya, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da masana na wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya. Na zo neman shawara ne a kan wata matsala da ta shafe mako shida tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla domin wanda ya san aikin ya samu abin kamawa.

Motata Honda Accord ce ƙirar 1995, wadda muka fi sani da Bulldog, mai injin 2.2 da giya otomatik. Na saye ta 'yar Kwatano shekara 11 da suka wuce, kuma in ban da juyen baƙin mai da sauya fulogi da bel ɗin tayimin, ba a taɓa buɗe injinta ba. A da idan na tayar da ita da asuba, allurar rezin, wato mai nuna gudun juyawar injin, takan hau wajen 1,500, ta ɗan jima a can, sannan ta riƙa sauka a hankali har ta zauna ƙasa da 1,000, injin ya yi luf, ko kofin shayi mutum ya ɗora a kan bonet ba zai zube ba.

Ranar da abin ya fara ina kan hanyar Shika ne zan je dubiya. Na wuce Samaru kaɗan sai tiyon sama na lagireto ya fashe, tururi ya turnuƙe gaban motar. Na tsaya nan take, Allah ya taimake ni injin bai kai ga illa ba. Wani bakanike na bakin hanya ya sauya tiyon, ya cika lagireto da ruwan jarka, sannan ya shaida mini cewa ya cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har sai injin ya ɗauki zafi, ya kuma haɗa fanka dairek yadda za ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai tamostat kayan ƙasashen sanyi ne, a nan ba abin da yake jawowa sai obahitin. Da yake ina sauri, ban ja da shi ba.

Tun washegari silo, wato gudun injin idan ba a taka totur ba, ya rikice. Ko na yi tafiyar rabin awa, allurar ba ta sauka ƙasa da 1,500, wani lokaci kuma sai ta shiga hawa da sauka da kanta tsakanin 1,000 da 2,000, kamar akwai mai taka totur yana ɗagawa. Idan na sa giya sai ta buga da ƙarfi, motar ta zabura, ta yadda a cunkoson Kwangila ko na PZ ƙafata ba ta rabuwa da birki. Kwanan baya saura ƙiris in hau bayan wani mai adaidaita sahu a Kofar Doka, kuma yarana uku suna cikin motar, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Allurar zafin injin kuwa tana kwance kusa da harafin C, musamman idan na hau babban titi. Ga shan mai: lita 20 da take kai ni daga Litinin zuwa Juma'a tsakanin gida da wurin aiki, yanzu ran Laraba da yamma ta ƙare, kuma kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Na kai ta wurin mutum biyu. Na farko ya wanke maƙogwaron totur da fetur, ya ɗaure sukurun silo har ya ƙure, abin ya ɗan lafa na yini ɗaya ya dawo. Na biyu ya saurari injin kawai ya ce birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ne ya mutu, in kawo kuɗi a sayo na Beljiyam. Hankalina bai kwanta da wannan magana ba, domin ban ga ya gwada komai ba. Shin akwai alaƙa tsakanin aikin da aka yi wa lagireto da wannan rezin, ko dai sun haɗu ne kawai a lokaci guda? Kuma daga ina ya kamata a fara dubawa kafin in kashe kuɗin da ba ni da shi? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Bakanike, Sabon Gari, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa, ya raya yara. Ka kyauta da ka kawo labarin tun daga tushe, domin amsar tambayarka tana cikin labarin. Akwai alaƙa ƙwarai, kuma ina roƙonka ka riƙe kuɗinka tukuna. Na yi shekara fiye da 30 ina taɓa Honda, tun daga Halla har zuwa Bulldog da waɗanda suka biyo baya, kuma birenbos yana cikin abubuwan da ba safai suke jawo irin wannan ciwo ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, injin ba ya iya yin gudu sai da iska. Idan ƙafarka ba ta kan totur, faifan da ke cikin maƙogwaro a rufe yake, iska kaɗan ce take zagayawa ta wasu ƙananan hanyoyi da kamfani ya tanada. Wannan injin ba ya auna iskar da ke wucewa a bakin shiga, matsin iskar da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, yake aunawa da wani sensa da aka rubuta wa MAP. Saboda haka duk iskar da ta shigo, ko ta ƙofa ko ta ɓarauniyar hanya, birenbos zai gan ta ya aika mata da fetur daidai da ita, injin kuwa ya ɗauki gudu. Silo mai yawa yana nufin iska tana shiga fiye da ƙima, aikinmu shi ne mu gano ta inda take bi.

Ƙofofin da kamfani ya tanada guda uku ne. Akwai sukurun nan da aka ƙure maka, shi ɗan gyaran ƙarshe ne kawai, ba ya ɗaukar iska mai yawa. Akwai bawul ɗin silo mai wuta, wanda birenbos yake buɗewa yana rufewa, misali idan ka kunna esi ko fitilu; masu sayar da kaya suna kiransa IACV. Sai na uku, wanda na fi zargi, wato bawul ɗin silon sanyi, da suke kira FITV. Shi wannan ba waya ko ɗaya a jikinsa. A cikinsa akwai wani ɗan gwangwani mai ɗauke da kaki, ruwan lagireto kuma yana ratsa gindinsa ta ƙananan tiyo. Da asuba kakin a tsuke yake, ƙofa a buɗe, shi ya sa kake ganin 1,500 ɗin nan da ka saba gani. Idan ruwa ya ɗauki zafi sai kakin ya kumbura, ya tura ƙofar ta rufe, silo ya sauko.

To, dubi abin da aka yi wa motarka a hanyar Shika. An cire tamostat, fanka tana juyawa ba dare ba rana, kuma muna tsakiyar hunturu. Ruwan ba ya kai zafin da zai rufe ƙofar nan sosai. Bayan haka, an zuba ruwa ta sama an rufe murfi ba tare da an fitar da iskar da ta maƙale a cikin hanyoyin ruwa ba. Iskar nan takan taru ne a wurare masu tudu, inda ƙananan tiyon bawul biyun suke, sai ka ga bawul yana zaune a cikin tururi da kumfa, ɗazu zafi, anjima sanyi. Shi kuma hawa da saukar da kake gani, ga dalilinsa: birenbos ya ga totur a rufe amma injin yana gudu, sai ya ɗauka gangara kake yi ka ɗaga ƙafa, ya yanke fetur. Gudu ya faɗi, ya sake sako fetur, iskar kuwa tana nan tana shiga, gudu ya sake hawa. Haka za su yi ta yi. Wannan kansa shaida ce cewa birenbos ɗinka yana da rai, yana aikin da aka gina shi a kai.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka yi tafiya har injin ya yi iyakar zafin da zai iya, ka tsaya, ka sa giya a P, ka ja birkin hannu. A kwance babban tiyon iska daga bakin maƙogwaron totur. Idan ka leƙa, za ka ga ramuka biyu a bangon ciki kafin a kai ga faifai, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Injin yana aiki, ka toshe na ƙasan da yatsa. A injin da ya yi zafi bai kamata ka ji komai ba. Idan ka ji yana tsotsar yatsanka, allura kuma ta faɗo, to ka kama ɓarawon: bawul ɗin silon sanyi bai rufe ba. Idan ba a nan gizo ke saƙar ba, ka toshe na saman. Idan ka toshe duka biyun, injin ya kamata ya mutu ko ya kusa mutuwa. In kuwa ya ci gaba da gudu abinsa, iskar ta wata kafa take shiga, sai a bi tiyoyin da ke jikin manifol ɗaya bayan ɗaya ana matse su da filaya mai laushin baki, musamman babban tiyon da ya tafi tukunyar birki da wanda ya fito daga murfin saman injin. Wanda ka matse silo ya sauka, shi ne ya tsage. Robar da ta haura shekara 25 tana shan zafi da ƙurar Zariya takan bushe ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Yara a gareji suna son fesa fetur a kan manifol su saurari canjin murya. Ni na hana nawa, domin na taɓa ganin wuta ta tashi daga tartsatsin wayar fulogi.

Shi bawul ɗin silon sanyi yana da wani hali da duk wanda ya daɗe da Honda ya sani. Idan ka kwance sukuru biyu na murfinsa, za ka tarar da wani farin zobe na roba mai zare. Girgizar shekaru takan sa ya warware da kansa, sai ƙofar ta kasa rufewa ko da kakin ya kumbura iyakarsa. Ana mayar da shi ne da faffaɗan sukudireba, a hankali, har ya zauna, ba da ƙarfi ba domin robar ta tsufa. Sau da yawa iyakar gyaran ke nan.

Amma kada a fara da wannan. A fara mayar da tamostat na asali, mai buɗewa a digiri 78, a mayar da fanka kan suwic ɗinta, a cika ruwa injin yana sanyi. A jikin gidan tamostat akwai ɗan noti na fitar da iska. A sassauta shi ana zuba ruwa har sai ya fito siriri ba kumfa, sannan a ɗaure. A buɗe hita zuwa ƙarshen zafi, a bar injin yana aiki har fanka ta tashi sau biyu. Bayan nan ne gwajin yatsa zai faɗi gaskiya. Kuma don Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Mai Rewaya, Kwangila, ya amsa:

Salamu alaikum. Abin da Baba ya faɗa ba ni da ja a kai, mu a wajensu muka koya. Zan ƙara ne ta ɓangaren wuta, tunda nan ne sana'ata, kuma akwai abin da ke damuna game da yadda aka haɗa fankar nan.

Malam, motar 1995 tana iya faɗin ciwonta da bakinta ba tare da kwamfuta ba. Motocin Amurka na 1996 zuwa sama su ne suke da soket mai baki 16 da ake jona na'urar bincike. Taka tana da tsohon tsari: a ƙarƙashin akwatin ajiya na gaban fasinja akwai wani ɗan soket mai baki biyu da ba a jona shi da komai ba. Idan aka haɗa bakin biyun da guntun waya, aka murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, wutar cek, wato fitilar gargaɗin injin da ke dashbod, za ta riƙa ƙiftawa. Doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya ce. Idan ka ga doguwa ɗaya da gajeru huɗu, wato 14, maganar bawul ɗin silo mai wuta take yi. Lamba 6 sensan zafin ruwa ne, 7 sensan totur, 3 sensan matsin iska, 1 kuma sensan da ke jikin salansa. Abin takaici, motoci da yawa da ake kawo mini an riga an cire ƙwan wutar cek ɗin domin kada mai saye ya gani. Don haka ka lura, da ka murɗa makulli ya kamata ta kama na ɗan daƙiƙu sannan ta mutu. Idan ba ta kamawa sam, a fara gyara wannan.

Sensan zafin ruwa shi ne nake so a duba da kyau. Guda biyu ne a wurin, kuma ana yawan rikita su: mai waya ɗaya na allurar dashbod ne, mai waya biyu shi ne yake magana da birenbos. Masu haɗa fanka dairek wani lokaci sukan cire soket ɗin da ba shi ne nasu ba, ko su fere waya su bar ta a haka. Idan birenbos yana samun labarin cewa injin a sanyi yake, zai ƙara fetur ya kuma buɗe bawul ɗin silo, ko da injin yana tafasa. Da mita ana gane lafiyarsa cikin minti biyu. Da sanyin safiya yakan nuna om dubu biyu zuwa uku, idan injin ya yi zafi sosai kuma ya sauko tsakanin 200 da 400. Wanda ya tsaya a dubbai injin yana da zafi, ya mutu. Sensan totur kuma, totur a rufe ya kamata ya ba da kusan rabin bolt na wuta, a buɗe gaba ɗaya kusan 4.5, kuma ya riƙa hawa sumul ba tsalle.

Akwai wani abu ƙarami da ake mantawa, wato wayar totur kanta. Idan wanda ya wanke maƙogwaro ya ɗaure ta tamau, faifai ba zai koma mazauninsa ba. Ya kamata ta yi sako-sako na kamar milimita 10 zuwa 12 idan ka danna ta da yatsa. Akwai kuma ɗan sukuru da faifan yake jingina a kai, wanda kamfani ya saita tun daga masana'anta; shi wannan ba a taɓa shi, ina fatan ba a taɓa naka ba.

Game da sukurun da aka ƙure, idan an gama sauran gyaran dole a sake saita shi, in ba haka ba motar za ta koma mutuwa a tsaye. Ƙa'idar ita ce injin ya yi zafi, a kashe esi da fitilu, a cire soket ɗin bawul ɗin silo mai wuta, a saita sukurun har injin ya tsaya wajen 550, a kashe, a mayar da soket, a zare fis mai lamba 7.5 da aka rubuta wa Back Up a akwatin fis na cikin bonet na daƙiƙa 10 domin birenbos ya goge lambar da ya riƙe. Da an sake tayarwa sai ya zauna wajen 700. Idan takardar da ke manne a cikin bonet ba ta goge ba, adadin yana rubuce a kanta, a bi shi.

Direban Zariya zuwa Kano ya amsa:

Ina neman afuwar manya, amma ni a kan maganar tamostat ina da ja, kuma ba don raini ba. Shekara 14 ina ɗaukar fasinja daga Zariya zuwa Kano, wata rana sawu biyu. Na taɓa ƙona gasket ɗin top a kusa da Kwanar Dangora saboda tamostat ya maƙale a rufe, allura ta haye kafin in ankara, na kwana biyu mota tana gareji, iyalina suna jira, kuma sai da na ci bashi na fitar da ita. Tun daga ranar duk motar da ta shigo hannuna sai na sa an cire shi, kuma kusan duk abokan aikina a tasha haka suke yi. A watan Afrilu, lokacin da kwalta take narkewa, mota cike da mutane da kaya, wa zai yarda ya dogara da ɗan ƙarfen da bai san ranar da zai ci amanarsa ba? Ga shi kuma kasuwa ta cika da jabu, kwali mai kyau, abin ciki na banza. Ni a ganina gara a sha mai kaɗan fiye da ƙima da a rasa injin gaba ɗaya. Me zai hana Malam ya gyara bawul ɗin da Baba ya ce, ya bar fankarsa dairek yadda take?

Tsohon Bakanike, Sabon Gari, ya sake amsawa:

Ɗana direba, ba raini a maganarka, wanda ya ƙona gasket a daji yana da hakkin ya ji tsoro. Gaskiya ne tamostat yana maƙalewa, gaskiya ne kuma jabu ya yi yawa. Amma akwai hanyar gane na kirki kafin a ɗaura shi: a saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta, a zuba ido. Tun kafin ruwa ya tafasa za ka ga bakinsa ya fara buɗewa, kafin ya kai ga tafasa ya wangale, idan aka sauke ya huce kuma ya koma ya rufe ruf. Wanda bai yi haka ba a mayar wa mai shi.

Ka kuma lura cewa idan injin ya kai digiri 90, tamostat mai lafiya a wangale yake, ba ya tare ruwa. Saboda haka a zafin Afrilu, motar da take obahitin da tamostat mai lafiya, ciwonta yana wani wuri. Mafi yawan waɗanda na buɗe, lagireto ne ya toshe da tsatsa da farin gishirin ruwan rijiya, ko ƙura da ƙwari sun cike haƙoransa ta waje, ko murfinsa ya saki. Murfin nan da aka rubuta wa 1.1 shi ne yake riƙe matsi har ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, amma ba mai kula da shi sai ya ɓace a toshe da tsumma.

Aikinka kuma ya bambanta da na Malam. Kai kana kan doguwar hanya da lodi, injinka yana samun ɗumi ko ta yaya. Shi daga Gyallesu zuwa wurin aiki ne, tafiyar 'yan mintuna da sanyin safiya, injin bai taɓa kai zafin aikinsa ba. Injin da ke aiki a sanyi kullum, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, zobban fistin su ci, fulogi su yi baƙi. Ba ya mutuwa rana ɗaya kamar mai gasket, a hankali yake ƙarewa, sai bayan shekara biyu a ga hayaƙi a ce motar ta tsufa. Idan Malam ya ɗaure bawul ɗin kawai ya bar ruwan a sanyi, silo zai iya sauka, amma shan man zai ci gaba.

Malamin Gyallesu ya dawo da bayani:

Assalamu alaikum. Na ga ya wajaba in dawo in faɗi abin da aka samu, ko wani zai amfana. Ranar Asabar na kai motar garejin wani bakanike da maƙwabcina ya yaba mini haƙurinsa, na karanta masa bayananku daga waya, kuma ya saurara har ƙarshe bai nuna ɓacin rai ba.

Mun fara da tamostat. Na sayo guda ɗaya a Sabon Gari, muka gwada shi a tukunyar mai shayin da ke gefen garejin kamar yadda Baba ya ce, na ga bakinsa yana buɗewa da idona. Da aka kwance gidansa, wayam muka tarar, ba komai sai tsatsa. Aka wanke lagireto, aka ɗaura, aka sassauta notin fitar da iska. Na yi mamakin yawan kumfar da ta fito, ta ɗauki lokaci tana tofarwa tana tsayawa kafin ruwan ya miƙe. Wayar fanka kuwa, kamar yadda Injiniya na Kwangila ya yi zato, an fere ta an naɗe da leda, kuma maƙallin soket ɗin sensa mai waya biyu ya karye, yana zaune ne kawai a kan bakinsa. Wani mai rewaya ya gyara duka biyun. Da muka haɗa soket mai baki biyu, wutar cek ta ba mu gajeru shida, wato lamba 6 daidai. Shi sensan kansa lafiyarsa ƙalau, ya nuna om 300 da 'yan kai da injin ya yi zafi.

Bayan fanka ta tashi sau biyu, allurar zafi ta hau ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan, inda na saba ganinta shekara da shekaru. Hawa da saukar ya tsaya, amma silo yana wajen 1,100. Sai na sa yatsana a ramin ƙasa, na ji yana tsotsa kamar jariri ya kama, allura ta faɗo nan take. Da aka buɗe murfin bawul ɗin, farin zoben ya warware har yana motsi da yatsa, sai da ya sha juyi kusan uku kafin ya zauna. Mun kuma samu tiyon da ya fito daga murfin saman injin ya tsage ta ƙasa, tsagar ba ta fi tsawon farce ba, aka sauya shi. Daga nan aka saita sukuru bisa ƙa'idar da Injiniya ya bayar. Yanzu tana zaune a kan 700, giya tana shiga ba bugu, kuma yau kwana huɗu ban ga ta canza ba. Duk abin da na kashe bai kai rabin kuɗin birenbos ɗin da aka ce in saya ba.

Ɗan'uwa direba, na ɗauki gargaɗinka da muhimmanci, idona ba ya barin allurar zafi, kuma na sayi sabon murfin lagireto. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini: baƙin man da ke ciki bai fi wata biyu ba, amma na shinshina sandar awo na ji ƙanshin fetur. In bar shi ya cika lokacinsa, ko in juye?

Tsohon Bakanike, Sabon Gari, ya amsa:

Alhamdu lillahi, Malam, na ji daɗin wannan labari. Ka juye shi a wannan makon tare da filta, kada ka jira, tunda mako shida ya yi yana shan fetur. A ciro fulogi huɗun a duba; idan baƙin toka ne kawai a goge a mayar, idan bakinsu ya ci a sauya. Sannan kwana uku a jere, da asuba kafin ka tayar da ita, ka leƙa robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto. Sauran iskar da ta ɓuya takan fito a kwanakin farko, ruwan ya ɗan ja baya, sai ka cika shi zuwa layin sama. Idan bayan kwana ukun yana ci gaba da raguwa, ka dawo ka faɗa mana, domin injin ya taɓa yin zafi a hanyar Shika, kuma zan so a duba gasket ɗin top kafin zafin bazara ya shigo.